Haƙorin roba da ake ɗaurewa a kan ƙusa: yadda abin yake, da wanda ya dace da shi

A wata walimar saukar karatu da aka yi a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana, na ga abin da ya sa na shiga bin diddigin wannan magana. An ajiye tiren shinkafa da nama, kowa ya wanke hannu, sai na ga kawuna ya ɗan kau da kai kamar mai shirin tari, ya sa yatsa biyu a baki, ya zaro haƙoransa na ƙasa, ya naɗe su a hankici ya tura aljihun babbar riga. Ya ci shinkafar a hankali. Naman kuwa ya tura wa wani yaro da ke gefensa.

Da muka kamo hanyar gida na ce, "Kawu, lafiya na ga ka cire?"

Ya ce, "Ɗan nan, rawa suke yi. Da na tauna sai su ɗaga, su gurje mini dasashi. Lokacin da aka yi su, shekara shida ke nan, cif suka zauna. Ban san me ya same su ba."

Babu abin da ya samu haƙoran. Suna nan yadda aka ƙera su. Bakinsa ne ya canza, kuma duk wanda bai gane wannan ba zai yi ta canza haƙorin roba yana zargin mai ƙerawa, alhali matsalar tana can ƙarƙashin dasashi.

Abin da muke gani in mutum ya yi murmushi ɗan kaɗan ne daga cikin haƙori. Fiye da rabin tsawonsa saiwa ce da ke binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa suna ɗaure da ita. Duk taunar da aka yi, nauyinta yana bin saiwar ya sauka a kan ƙashin, shi kuma jiki yana ganin ƙashin nan yana aiki, sai ya ci gaba da sabunta shi. Ranar da aka cire haƙori, wannan saƙo ya yanke. Jiki ba ya ciyar da abin da ba ya masa aiki, sai ya fara janye ƙashin. A shekarar farko kaɗai faɗin wurin yana iya raguwa har kusan rabi, kuma mafi yawan wannan asara a watanni uku na farko take faruwa. Daga nan sai ta rage gudu, amma ba ta tsayawa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya san yadda ganuwar Zazzau ta koma a wuraren da aka daina yi mata yaɓe, damina tana ci, iska tana ci, har tudu ya zama ɗan tsibin ƙasa, to ya ga hoton abin. Shi ya sa za ka ga dattijon da ya daɗe da rasa haƙora leɓunansa sun shige ciki, haɓarsa ta matso kusa da hanci. Mu ce tsufa ne, amma rabin abin ƙashi ne ya tafi.

Muƙamuƙin ƙasa ya fi shan wannan wahala, don zaizayarsa ta ninka ta na sama kusan sau huɗu. Ga shi kuma haƙorin roba na sama yana da abin kamawa: yana rufe ganda gaba ɗaya, yawu ya shiga tsakani ya manne shi, kamar yadda faranti biyu masu laima ke mannewa. Na ƙasa ba shi da wannan gata. Siffarsa kamar ta jinjirin wata ce, yana zaune a kan ɗan siririn tudu, harshe na tura shi daga ciki, kumatu na tura shi daga waje. In tudun ya zaizaye, me zai riƙe shi? Ƙarfin cizon mai haƙorin roba sama da ƙasa bai cika wuce rubu'in na mai haƙoran asali ba. Saboda haka tsire da kilishi da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da aya sai dai kallo. Abinci ya koma koko da kunu da fate da shayi da burodi, wato yawanci gari da sukari, ga wanda shekarunsa suka fi buƙatar nama da ganye.

Abin da ya fi ci wa kawu rai ma ba naman ba ne. Shekara da shekaru shi ke jan sallah a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Haruffan sinun da sadun da zayun daga kan harshe suke fita, dab da haƙoran gaba na ƙasa. In haƙoran suna motsi, harafin sai ya fito da sautin "shu", wani lokaci ma haƙorin ya ɗaga ana tsakiyar aya. Sai ya daina shiga gaba, bai gaya wa kowa dalili ba. A garin da karatu ke da daraja irin Zariya, wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga mutum.

Dashen haƙori, a taƙaice, mayar wa ƙashi da saiwa ne. Ana sa wata 'yar ƙusa mai zare, irin zaren noti, a cikin ƙashin muƙamuƙi, kaurinta milimita 3 zuwa 5, tsawonta yawanci tsakanin milimita 8 da 15. Da ƙarfen taitaniyam ake yin ta, kuma sirrin duka yana cikin wannan ƙarfe. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya sa wani ɗan bututun taitaniyam a ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, abu ya ƙi fita. Ƙashin ya tsiro ya rungume ƙarfen, sun zama kamar abu ɗaya, babu ruɓa, babu tsatsa. Ya shafe shekaru yana gwaji, sai a 1965 ya dasa wa wani mutum mai suna Gösta Larsson ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin ƙasa a birnin Gotenbag. Mutumin ya rasu a 2006, ƙusoshin suna nan suna aiki, shekara 40 da ɗoriya. Likitocin duniya ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982. Ina kawo wannan tarihi ne don masu cewa sabon abu ne da ake gwadawa a kanmu. Ya girmi yawancin masu karanta wannan rubutu.

To, babban mutum yana da haƙora 32. Shin wanda ya rasa su duka sai an kafa masa ƙusa 32? A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke tsorata a banza. Ana yin jeren haƙoran ne a haɗe, sannan a ɗora su a kan 'yan ƙusoshi kaɗan, kamar rumfar da ke tsaye a kan dirkoki. Iri biyu ne.

Na farko shi ne mai cirewa. Ana kafa ƙusa biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa, wajen inda fiƙoƙi suke a da, don nan ƙashi ya fi tauri kuma ya fi jinkirin zaizaya, ga shi babbar jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji ba ta kawo nan ba. A kan kowace ƙusa ana ɗaura wani ɗan kai da ke leƙowa saman dasashi. A cikin haƙorin robar kuma, ta ƙasa, akwai ramuka biyu masu ɗauke da zoben roba mai tauri. In ka ɗora ka danna da babban yatsa sai ka ji ƙas, kamar maɓallin ƙarfe na rigar jarirai. Ya zauna ke nan. Ba ya ɗagawa in ana magana, ba ya zamewa in ana tauna, amma da dare mai shi zai iya ɓalle shi da hannunsa ya wanke. Akwai mai kai kamar ƙwallo, akwai gajere da ake kira Locator, akwai kuma wanda ake haɗa ƙusoshin da siririn sandar ƙarfe haƙorin ya kama sandar. A 2002 masana suka taru a Jami'ar McGill da ke Kanada suka fitar da matsaya cewa ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, wannan mai ƙusa biyu shi ya kamata ya zama zaɓin farko, ba haƙorin roba zalla ba. A 2009 wani taron a York ta Ingila ya sake jaddada hakan.

A sama lissafin daban ne. Ƙashin sama ya fi taushi, ga kogon iska na gefen hanci yana zaune dab da saman turamen haƙora, don haka ana buƙatar ƙusa huɗu ko fiye. Ribar da ake samu ita ce ana iya yanke robar da ke rufe ganda, mutum ya dawo yana jin zafin shayi da ɗanɗanon miya sosai, kuma masu jin amai in roba ta taɓa musu can ciki su huta. Amma mutane da yawa haƙorinsu na sama bai dame su ba. Irin waɗannan, a ganina, su bar shi yadda yake su kashe kuɗinsu a ƙasa.

Na biyu shi ne na dindindin, wanda ake ɗaure shi da noti a kan ƙusa huɗu zuwa shida, likita kaɗai ke iya kwance shi. Wanda ya fi suna shi ne All-on-4, wanda wani likita ɗan Fotugal, Paulo Maló, ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990: ƙusa biyu a gaba a miƙe, biyu a baya a karkace don a kauce wa jijiya a ƙasa da kogon iska a sama. Shi ya fi kama da haƙorin asali wajen ƙarfi, shi ne kuma ake ta tallarsa a Facebook da hotunan kafin da bayan. Duk da haka ba shi zan zaɓa wa dattijo a Zariya ba. Kuɗinsa ya ninka na mai cirewa. Abinci yana shiga ƙarƙashinsa, kuma fitar da shi sai da ɗan buroshi na musamman da zare da ido mai gani da hannu mara rawa, kullum. In wani abu ya tsage ko noti ya kwance, sai an koma wurin wanda ke da irin makullinsa. Mai cirewa kuwa ko jika zai iya wanke wa kakansa shi a kofi.

Yadda ake aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ana fara ɗaukar hoton muƙamuƙi, zai fi kyau a yi irin na kwamfuta da ke nuna kauri da zurfin ƙashi da inda jijiya ta bi. In ƙashi bai isa ba ana iya yi masa ciko, sai dai hakan yana ƙara watanni da kuɗi, shi ya sa jinkiri ke da tsada a wannan harka. Ranar aiki allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori, mutum idonsa biyu. Likita zai buɗe dasashi, ya huda ƙashi da siririn abin huji, ya bi da wanda ya ɗan fi shi kauri, har ramin ya kai daidai ƙusar. Na tsaya na ga wannan a lokacin na kawu, kuma abin da ya ja hankalina shi ne ruwan gishirin da ke ta feshi a kan abin hujin ba ƙaƙƙautawa, wata ma'aikaciya tana zuƙe shi da bututu. Ashe in ƙashi ya yi zafin da ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙwayoyinsa mutuwa suke yi, kuma mataccen ƙashi ba ya kama ƙarfe. Daga nan aka murɗa ƙusar a hankali ta shige, aka ɗinke. Ƙusoshin kawu duka biyun ba su ci awa ɗaya da rabi ba. Kumburi na kwana biyu zuwa uku, a cire zare bayan mako guda ko kwana goma.

Sai jira, wanda shi ne ainihin aikin. Ƙashin ƙasa yana son wata biyu zuwa uku kafin ya riƙe ƙusar, na sama yana iya kai wa wata shida. Akwai lokacin da ake ɗora haƙora a ranar, amma sai ƙashi ya yi kyau ƙwarai, kuma na wucin gadi ne, ba a cin abu mai tauri da su. In an yi komai daidai, fiye da tara cikin kowace ƙusa goma suna kaiwa shekara goma suna aiki.

Ba kowa ne za a yi wa ba, kuma likitan da bai yi maka tambayoyi ba kafin ya faɗi farashi, ka yi hattara da shi. Mai ciwon sukari da sukarinsa ke hawa da sauka, rauninsa ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. Ba a ce ba za a yi masa ba, amma sai an daidaita sukarin tukuna, kuma awon da ake dubawa shi ne wanda ke nuna matsakaicin wata uku, ba na safiyar ranar ba. Mai shan taba yana takure jijiyoyin jinin dasashinsa, ƙusarsa ta fi saurin faɗuwa. Wanda aka yi wa gashin ciwon daji a fuska ko wuya, da wanda ke karɓar magungunan ƙarfafa ƙashi, musamman na allura, suna cikin haɗarin ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan an huda shi, don haka dole su faɗa. Mai shan maganin tsinka jini shi ma ya faɗa, kada kuma ya daina sha da kansa. Samarin da babur ya zubar wa haƙoran gaba, waɗanda muke gani da yawa a hanyar Samaru da Sabon Gari, in ba su gama girma ba sai su jira har wajen shekara 18 zuwa 20, don ƙusa ba ta tafiya tare da ƙashi mai girma, sai a wayi gari haƙorin ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa. Tsufa kuwa shi kaɗai ba ya hanawa. Ɗan shekara 80 mai lafiya ya fi ɗan 45 mai taba da sukari dacewa.

Wani abin da ake yawan ɓoye wa mutane shi ne ƙusa ma tana ciwo. Gaskiya ba ta ruɓewa, ba ta yin rami. Amma dattin da ke taruwa a gindinta yana kumbura dasashi, daga nan ya ci ƙashin da ke riƙe da ita, kuma da yake ba ta da jijiya, ba za ta yi maka zogin gargaɗi ba sai ta fara girgiɗi. Wanda ciwon dasashi ya zubar wa haƙora tun farko, ƙwayoyin da suka yi wancan aiki suna nan a bakinsa. Asuwaki yana da kyau ga haƙoran asali, amma ba ya zagaya gindin ƙusa yadda ake so, sai an haɗa da buroshi mai taushi safe da dare. Haƙorin a cire shi a kwana da shi a ruwa mai tsabta. Kada a zuba masa tafasasshen ruwa, yana lanƙwasa roba. Kada a goge shi da toka ko gawayi, suna kankare shi datti ya samu maƙale. Sannan a riƙa komawa ana dubawa, ko da sau ɗaya ko biyu a shekara.

Maganar kuɗi ba a yi mata kwana-kwana: aikin yana da tsada. Ƙusoshin da kawunansu duk daga waje ake shigo da su, daga kamfanoni irin su Straumann da Nobel Biocare da Osstem, saboda haka farashinsu yana bin dala. Kafin ka amince, a rubuta maka kuɗin komai: hoto, tiyata, ƙusa, kan da ake ɗaurawa, haƙorin kansa, da gyaran da zai biyo baya. Kuma ka karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙusar da girmanta ka adana ta tare da takardun gida, domin kayan wani kamfani ba sa shiga na wani. Masu zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya a yi musu cikin mako guda su dawo, nan suke shiga matsala: bayan shekara biyu abu ya kwance, babu wanda ya san wace iri ce a bakinsu. Wannan ba haƙorin Makka ba ne da ake sa wa alhaji a ɗan lokaci ya kamo hanya. Aiki ne da ke son likita kusa.

Mutumin Zariya da ke tunanin abin, ya fara da zuwa a duba bakinsa a wurin likitan haƙori na gaskiya, kamar sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a gaya masa halin da ƙashinsa ke ciki da inda ya dace ya nufa. Likitan da zai huda maka ƙashi dole ya kasance mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Mai ƙera haƙori a ɗakin ƙira sana'arsa daban ce, mai daraja ce, amma tiyata ba aikinsa ba ne. Na ga wata maƙwabciyarmu da aka cike wa giɓi a wani shago, aka kwaɓa roba aka liƙe ta a jikin haƙoran gefe yadda ba ta cirewa. Wata takwas ba ta iya wanke ƙarƙashin ba. Da aka ɓalle, haƙora biyu masu lafiya suka biyo. Ta je da giɓi ɗaya ta dawo da uku.

Kawu da kansa ya tayar da maganar addini, ko sa ƙarfe a jiki canza halitta ne. Shi ne kuma ya amsa wa kansa da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi, kuma da shi malamai ke kafa hujja kan mayar da gaɓar da aka rasa.

Ranar farko da muka je asibiti da kawu, likitan ya duba sakamakon awo ya ce, "Baba, ƙashinka na gaba zai ɗauki biyu. Amma sukarinka ya yi sama, ba zan taɓa ka ba sai ya sauka." Kawu bai ji daɗi ba, ya riga ya sa rai. Wata huɗu aka yi ana fama da magani da rage sukarin shayi kafin aka yi aikin, sai wata uku na jira. Haƙoransa na sama ba a taɓa su ba. Ranar da aka ɗora na ƙasa ya danna ya ji ƙas, ya yi ta tura su da harshe yana jiran su ɗaga, sannan ya karanta Fatiha a hankali yana sauraren kansa.

Bayan shekara ɗaya da wata biyu ya kira ni da sassafe, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Ɗan nan, sun fara rawa kuma." Muka koma ina tunanin ƙusa ce ta saki. Likitan ya ɓalle haƙorin, ya girgiza ƙusoshin ya ji su daram, ya juya haƙorin ya nuna mana zobban robar nan biyu sun cinye saboda cirewa da mayarwa kullum. Ya sa wani ɗan tsinke ya ƙwaƙule su, ya danna sababbi, cikin minti goma aka gama. Ya ce haka za a riƙa canza su kusan duk shekara, ya rubuta wa kawu ranar dawowa a bayan katinsa.